Babi na Shida: Michelin, Kamfanin da Faci Ya Haifa

Jirgin ƙasa bai taɓa bi ta Kankiya ba. Dogon da Turawa suka shimfiɗa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya kuwa ya ratsa Funtuwa ya zarce Gusau da Ƙauran Namoda, ya bar birnin Katsina da gundumomin da ke kewaye da shi babu layi. Saboda haka tun daga lokacin da jaki da raƙumi suka fara ja da baya, duk buhun gyaɗar da ya bar ƙasar Kusada zuwa dalar Kano, duk kananzir da gishiri da atamfar da aka sauke a kasuwar Kankiya, a kan taya suka yi tafiya. Har yau kuma ba ta canza zane ba. Hanyar da ta taso daga Kano ta biyo Bici da Tsanyawa, ta shigo ta Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, ta ratsa Kankiya ta nufi Caranci da Katsina, ba ta hutawa dare da rana: tirela da tankar mai, kanta maƙare da shanu, ƙananan motocin haya, ga 'yan acaɓa ta kowace kusurwa.

A bakin wannan hanya, duk inda ka hango an jingina tsohuwar taya a jikin dalbejiya ko an kafa ta a ƙasa, ka san akwai mai faci. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska, ƙarfen ɓanɓare taya daga rim, guduma, sholisho, guntayen danƙo, da rabin duro cike da baƙin ruwa. Zai zaro tif ya hura masa iska, ya riƙa tsoma shi cikin ruwan nan yana juyawa a hankali, har ya ga inda kumfa ke tsartuwa. Sai ya soka tsinke a wurin don kada ya ɓace masa, ya kankare, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya ɗora faci ya danne. Kafin ya mayar da tif ɗin sai ya zura hannu ya shafa cikin tayar kaf, domin in ƙusar tana nan, aikin banza ya yi. Mutane suna ganin wannan ƙaramar sana'a ce. Amma kamfanin Michelin, wanda shi da Bridgestone na Japan suke takarar wane ne kan gaba a duniya wajen yin taya, daga irin wannan aikin ya samo asali.

Kafin mu je can, sai mun faɗi yadda danƙo ya zama abin da za a taka. Ruwan bishiya ne fari, kuma ɗanyensa ba ya jure komai: da zafi ya narke ya yi yauƙi, da sanyi ya sandare ya tsattsage. Kakanninmu ma sun san danƙon gamji, har Turawan ciniki suka taɓa saye suna kiransa jan danƙon Kano, amma bai yi kasuwa mai nisa ba. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ne ya gano a 1839 cewa in aka dafa danƙo da farar wuta sai ya daina narkewa, ya riƙe siffarsa. Bai ci moriyar abin ba, da bashi ya mutu a 1860, kuma kamfanin Goodyear da muka sani sai bayan shekara 38 da rasuwarsa wasu suka kafa shi da sunansa. A 1888 kuma wani likitan dabbobi ɗan Sikotilan mazaunin Belfast, John Boyd Dunlop, ya naɗa wa keken ɗansa bututun danƙo mai iska don ya rage masa jijjiga. Daga baya aka gano cewa wani ɗan ƙasarsu, Robert William Thomson, ya riga shi yi wa wannan dabara rajista tun 1845, amma tasa ta zo a lokacin da babu keke babu mota, ta kwanta. Ta Dunlop ta dace da zamanin da keke ke tashe.

Sai dai tayar Dunlop tana da babbar matsala. Manne ta ake yi da gam a jikin ƙafar keken, a naɗe da ƙyalle. In ta yi faci, sai an ɓanɓare komai.

A garin Clermont-Ferrand da ke tsakiyar Faransa akwai wata tsohuwar masana'anta da aka kafa a 1832, tana ƙera kayan noma da ƙwallon danƙo da bututu. Ta kusa durƙushewa sa'ad da jikokin ɗaya daga cikin masu ita, André da Édouard Michelin, suka karɓe ta. André injiniya ne mai sana'ar ƙarfe a Faris, ƙanensa Édouard kuwa zane yake koyo, ya ajiye buroshi ya dawo gida. A 1889 aka sa wa kamfanin sunansu, ma'aikatansa ba su fi hamsin da 'yan kai ba, abin da ya fi kawo musu kuɗi kuma shi ne danƙon birkin keken doki. Ana nan sai wani mai keke ya shigo harabarsu da tayar Dunlop da ta sace, yana neman taimako. Gyaran ya ci fiye da sa'a uku, aka kuma bar gam ya kwana yana bushewa. Da safe Édouard ya hau don ya gwada, bai yi nisa ba tayar ta sake sacewa. Amma 'yar tafiyar nan ta ishe shi ya gane abu biyu: tafiya a kan iska ta fi tafiya a kan daskararren danƙo nesa ba kusa ba, kuma babu inda wannan taya za ta je muddin gyaranta sai an kwana.

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe game da kamfanin nan. Ba su ne suka ƙago taya mai iska ba. Tambayar da suka yi wa kansu ita ce wadda duk direban da ya taɓa kwana a daji saboda taya ya sani: in ta lalace a hanya, yaya mutum zai yi da hannunsa? A 1891 suka yi rajistar tayar da ake kwancewa, wadda aka ɗaure da ƙusoshi masu noti maimakon gam, tif daban, gangar jiki daban, a gyara cikin kamar kwata ɗaya na sa'a. A watan Satumba na shekarar aka yi tseren keke daga Faris zuwa Brest da dawowa, tafiyar kusan kilomita 1,200. Charles Terront, wanda ya hau tayarsu, ya gama cikin ƙasa da kwana uku, ya ba na biyu ratar kusan sa'a takwas. A shekarar da ta biyo suka shirya nasu tseren daga Faris zuwa Clermont-Ferrand, suka sa aka watsa ƙusoshi a hanya da gangan, don jama'a su gani da idonsu cewa faci ya daina zama abin tsoro.

Daga keke suka koma mota. Masu ƙera motoci na lokacin ba su yarda iska za ta ɗauki nauyin mota ba, babu wanda ya amince ya ba su tasa. Sai suka harhaɗa tasu, suka shiga tseren Faris zuwa Bordeaux da dawowa a 1895. Motar ba ta iya miƙewa sosai, sai kwana-kwana, shi ya sa suka sa mata suna L'Éclair, wato walƙiya. Sun yi ta canza taya a hanya, su ne kuma na ƙarshe cikin waɗanda suka kai. Amma sun kai. Shekara huɗu bayan haka, a Afrilun 1899, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a sa'a a mota. Motar tasa mai aiki da lantarki ce, a kan tayoyin Michelin.

André shi ne gwanin talla. Shi ya ba wani mai zane aikin mutumin nan mai ƙiba da aka yi da tarin tayoyi, Bibendum, wanda ya bayyana a 1898, wanda har yau direbobin manyan motoci suke ɗaurawa a saman gilashinsu don ado. Fari ne saboda tayoyin wancan zamani farare ne ko ruwan toka. Sai wajen 1910 zuwa 1912 masana'antu suka fara cuɗa danƙo da wani baƙin gari da ake samu daga ƙona mai, bayan an gano yana ninka ƙarkon taya, daga nan taya ta zama baƙa. André ya kuma lura cewa ba za a sayi taya ba sai ta cinye, ba za ta cinye ba sai an yi tafiya. Don haka a 1900, lokacin da motocin Faransa duka ba su wuce 'yan dubbai ba, suka buga wani jan littafi kwafi 35,000 suka raba kyauta, ɗauke da wuraren sayen mai, da makanikai, da masauki, da yadda ake canza taya. Shi ne daga baya, tun 1926, ya koma ba gidajen abinci taurari. Sun shiga buga taswirar hanyoyi a 1910, kuma wannan ta shafe mu kai tsaye: taswirarsu ta Arewaci da Yammacin Afirka, mai lamba 153 a da, ta yi shekaru tana zaman jagorar masu ƙetare Sahara ta Tamanrasset da Agadas zuwa Damagaram da Kano, har rijiyoyin hanya take nunawa.

Ba zan wuce nan ba tare da na faɗi inda danƙon yake fitowa ba. Buƙatar taya ce ta haddasa wawason danƙo a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a Kwango, ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, an kashe mutane an kuma yanke hannaye saboda ƙauye bai cika mudun da aka yanka masa ba. Da iri 70,000 da Henry Wickham ya kwaso daga Birazil a 1876 suka haifar da gonakin roba a Asiya, sai wahalar ta koma can. Michelin ya buɗe nasa gonakin a Biyetnam a shekarun 1920, lokacin tana hannun Faransa, kuma a Fabrairun 1930 dubban leburorin gonarsa ta Phu Rieng suka yi bore saboda duka da yunwa da zazzaɓi. Littattafan tallan kamfanin ba su cika tsayawa a wannan shafi ba, amma yana cikin tarihinsa kamar yadda tseren Brest yake ciki.

Yanzu ga babbar ƙirƙirar, wadda ta fi duk sauran nauyi.

Taya ba danƙo ba ne zalla. Danƙo riga ce kawai, abin da ke riƙe iska da nauyi shi ne zaren da ke ciki. Tsohuwar ƙira, wadda direbobinmu ke kira mai zare, shimfiɗa zaren ake yi hawa-hawa a karkace, wannan ya kwanta dama wancan ya kwanta hagu, suna giciye juna kamar saƙar tabarma. Tana da taurin gefe, tana jure duka a kan burji. Aibinta shi ne duk juyin da ta yi sai ta lotsa a inda ta taɓa ƙasa, ta sake miƙewa, kuma a kowace lotsawa hawan zaren nan suna gogar juna. Guga tana haifar da zafi, zafi kuwa shi ne ajalin taya. Ga shi gefenta da tafinta a haɗe suke, in gefe ya motsa sai tafi ya murɗe, ya riƙa goge kansa a kan kwalta.

A kamfanin akwai wani ma'aikaci, Marius Mignol, wanda ba shi da digirin injiniya. A ofis aka fara ajiye shi, Édouard ya lura da kaifin basirarsa ya mayar da shi sashen bincike. Mignol ya so ya san takamaimai ina zafin yake fitowa, tafi ne ko gefe. Sai ya haɗa wata tayar gwaji da ya cire wa gefe kusan gaba ɗaya, ya bar 'yan wayoyi jefi-jefi da suka tashi daga wannan baki suka haura suka sauka a wancan, a miƙe, ba giciye. Abokan aikinsa suka riƙa kiranta kejin ƙuda. Da aka gwada, sai aka ga gefen bai yi zafi ba. Ashe giciyen ne matsalar. Amma tayar ba ta riƙe hanya, sai tangaɗi. Maganin da suka samo shi ne su ɗaura mata ɗamarar saƙaƙƙiyar wayar ƙarfe a ƙarƙashin tafi kaɗai. A nan suka ci moriyar wani aiki da suka riga suka sha wahalarsa, domin tun ƙarshen shekarun 1930 suka iya manna danƙo da ƙarfe a tayoyinsu na manyan motoci, abin da ya gagari yawancin abokan takararsu. Sakamakon shi ne taya mai aiki biyu a rabe: gefe mai laushi yana shanye gargada, tafi mai tauri yana kwance daram a ƙasa. Ba ta zafi kamar ta da, tana ninka ta ƙarko, mota kuma tana rage shan mai.

An yi wannan bincike ne a ɓoye lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Faransa, aka yi masa rajista ranar 4 ga Yuni 1946, aka fito da tayar kasuwa a 1949 da sunan Michelin X. Ita ce radiyal, mai waya. Ta manyan motoci ta biyo a 1952. Abin da ya taimaka musu shi ne tun tsakiyar shekarun 1930 kamfanin motoci na Citroën yana hannunsu, bayan ya kasa biyan bashi, don haka suna da inda za su ƙera motar da ta dace da tayar.

Turai ta karɓa, Amurka ta noƙe. Manyan kamfanonin tayar Amurka da ke birnin Akron sun san radiyal ta fi, amma karɓarta na nufin zubar da injinansu a sayi sababbi, sannan a sayar wa mutane tayar da za ta daɗe ba su dawo ba. Suka yi ta jan ƙafa. Michelin ya shiga musu ta ƙofar baya, ya fara yi wa kantunan Sears taya a 1966, a 1970 kuma Ford ya sa radiyal a motarsa Continental Mark III. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, kowa ya koma neman abin da zai rage masa shan mai. Firestone ya yi gaggawar fito da tasa ba tare da ya ƙware a manna waya da danƙo ba, tafin ya riƙa ɓarewa a kan gudu, aka yi asarar rayuka, a 1978 aka tilasta masa janye miliyoyin tayoyi. Bayan shekara goma Bridgestone ya saye shi, a 1990 kuma Michelin ya kammala sayen Uniroyal Goodrich. Babban ɓangaren masana'antar tayar Amurka, wadda ta fi kowace girma a duniya, ya faɗa hannun baƙi saboda ta ƙi sabon ilimi na shekara ashirin.

Sauran ƙirƙire-ƙirƙiren ba sai an daɗe a kansu ba. A 1992 suka fito da tayar da aka cuɗa da silika, sinadarin da ake samu daga yashi, don a ƙara rage shan mai ba tare da ta yi santsi a ruwa ba. A 2019 suka nuna wata mai suna Uptis wadda ba ta buƙatar iska sam, ko da yake har yanzu ba ta zama abin da ake gani a kasuwa ba.

Mu dawo gida. Da samun 'yancin kai, kamfanonin nan biyu da labarinsu ya haɗu a kan keke guda a Clermont-Ferrand suka sake haɗuwa a Nijeriya. Michelin ya kafa masana'anta a unguwar Trans-Amadi ta Fatakwal a farkon shekarun 1960, Dunlop kuma ya fara aiki a Ikeja a 1963. Ba don alfarma suka zo ba. Ƙasar tana da bishiyar roba a yankin Binin da Sapele da Kalaba, tana da cibiyar binciken roba a Iyanomo, daga baya matatar Warri ta samu sashen yin baƙin garin nan da ake cuɗa danƙo da shi. Michelin ya mallaki gonakin roba a Araromi da Osse River da Utagba-Uno. Da Fijo ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, taya tana cikin kayan da ba sai an ƙetare teku an ɗauko ba. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 zai tuna 504 doguwa da ke jigila tsakanin Kano da Katsina, takan tsaya a tashar Kankiya a sha ruwa a yi salla. Mota ce da aka haɗa a Kaduna, tana iya tafiya a kan tayar da aka dafa a Fatakwal da danƙon da aka tatsa a tsohuwar Jihar Bendel.

A Janairun 2007 Michelin ya ba da sanarwar rufe masana'antar Fatakwal, ma'aikata fiye da dubu suka rasa aiki. Dunlop, wanda bai daɗe da zuba maƙudan kuɗi a sabon sashen yin radiyal ta manyan motoci ba, ya dakatar da aiki a 2008. Dalilan da suka bayar ba ɓoyayyu ba ne. Na farko wuta: dafa taya aiki ne na zafi da tururi da ba ya son yankewa, in wuta ta ɗauke a tsakiya abin da ke cikin tukunya ya lalace, kamfanonin kuwa da janareta suke kwana suke tashi. Na biyu haraji: gwamnati ta sauke kuɗin fiton tayoyin manyan motoci daga kashi 40 zuwa kashi 10 cikin ɗari, tayoyin Asiya masu araha suka kwararo. Na uku gwanjo, wanda doka ta hana shigo da shi amma ya cika kasuwa. Gonakin robar ba su mutu ba, sun koma ƙarƙashin kamfanin SIPH wanda Michelin ke da hannun jari a ciki. Har gobe ana tatsar danƙo a Edo da Ondo, a loda shi a jirgin ruwa, mu kuma mu sayi taya da dala.

A ganina asarar da ta fi ta aikin yi ciwo ita ce ta ilimi. Lokacin da masana'antun nan suke raye, akwai 'yan ƙasa da suka san haɗin danƙo, akwai dilolin da kamfani ya horar, akwai wanda za a kai wa ƙara in taya ta fashe ba dalili. Yanzu taya tana iso mana ba mai ita. Ga yadda ciniki yakan kasance a rumfar mai sayar da gwanjon taya, wato Beljiyam:

"Maigida, wannan fa zanenta bai taɓu ba, duba da kyau."

"Ta wace shekara ce, Malam?"

"Haba Alhaji, taya ai ba madara ba ce. Ka ga tsaga a jikinta?"

Mai rumfar ba lallai ne yana nufin cuta ba, abin da ya sani ke nan. Amma danƙo yana tsufa ko ba a taka shi ba, rana da iska suna busar da shi, mannin da ke tsakanin waya da danƙo yana saki daga ciki inda ido ba ya gani. Kuma tayar tana ɗauke da shekarunta a jikinta. A gefe, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe a cikin ɗan zagaye. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, Michelin da kansa yana cewa bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta sabo ne. Sauran rubutun ma magana yake yi. A 195/65 R15 91H, harafin R yana nufin radiyal ce, 15 girman rim ne da inci, 91 kuwa yana nufin kilo 615 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka. Ka lissafa huɗu, ka cire nauyin motar kanta, sannan ka dubi ƙaramar motar da ta taso daga kasuwar Caranci da mutum tara da buhunan masara har but ya ƙi rufuwa. In kuma ka ga hoton dutse mai kololuwa uku da ƙanƙara a ciki, tayar hunturun Turai ce, an yi danƙonta da laushi don sanyi, ba don kwaltar Kankiya a watan Afrilu ba, lokacin da ko a inuwa zafi yana haura digiri 40.

Akwai kuma abin da ya shafi radiyal musamman, wanda ya kamata kowane mai faci ya sani. Gefenta yana da ɗan tumbi ko da iskarta daidai take, don haka ido ba ya iya auna ta, bugun ƙarfe ma ba ya iyawa, sai geji, kuma da safe kafin ta yi zafi. Ƙarancin iska yana mayar da ita ga ciwon da Mignol ya yi wa magani, ta yi ta lotsawa har zafi ya raba waya da danƙo. Huda a tafi tana gyaruwa. Yanka a gefe kuwa ba ya gyaruwa, domin wayoyin da ke riƙe da ita ne suka tsinke, duk facin da aka ɗora rufe ido ne kawai. Wannan ba matsalar talaka kaɗai ba ce. Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe a kan gudu.

Ba na cikin masu ganin laifin direban da ya sayi gwanjo. Sabuwar taya mai suna tana iya cinye ribar wata guda, ga kuɗin mai, ga na mai mota yana jira da yamma. Abin da nake ganin ya fi ƙarfin wa'azi shi ne a samar masa da abin da zai iya saya wanda kuma ba zai kashe shi ba, kuma hanyar tana cikin ƙirar radiyal ɗin kanta. Gangar jikin tayar babbar mota mai waya ta fi tafinta tsawon rai. Tun a masana'anta an yi ta ne don in zane ya suɗe a sake yanka shi, in ya sake suɗewa a kankare tafin gaba ɗaya a manna sabo, a dafa. Kamfanonin sufuri na Turai da Amurka haka suke yi, jiragen sama ma tayoyinsu sau da yawa ake sabunta musu tafi. Dokar hana shigo da tsofaffin tayoyi ta Nijeriya ma ta keɓe na manyan motoci da za a kawo don wannan aiki. Ya bambanta da abin da wasu ke yi a bayan kasuwa, su ɗauki wuƙa mai zafi su zana sabon zane a kan tayar ƙaramar mota da ta riga ta mutu, su shafe ta da baƙin mai.

Irin wannan masana'anta ba ta kai girman ta Fatakwal ba, kuma garin da ke kan hanyar da tireloli ke bi zuwa Katsina da Jibiya da Maraɗi bai rasa tsofaffin tayoyi ba, bai kuma rasa matasan da hannunsu ya saba da danƙo ba. Kankiya ta taɓa ganin masana'anta, ta ƙarfe, wadda aka kafa tun zamanin tsohuwar Jihar Kaduna, ta daɗe da yin shiru. Abin da aikin sabunta tafi yake buƙata shi ne na'urar duba gangar taya don a ware mai lafiya da mai rauni, injin kankara, ma'aikatan da aka horar su ƙi karɓar wadda ba ta cancanta ba ko da mai ita ya roƙa, da tukunyar dafawa wadda za ta yi sa'o'i a kan zafi ɗaya ba tare da wuta ta ɗauke ba.